Hancin Reino Salmela

Masu zuwa Halvor da rani su buga golf, su sha abin sanyi su koma birni, ba su san komai ba game da filin nan namu. Gani suke ciyawa ce kawai aka shimfiɗo musu daga sama. Mu da muke zaune a garin wata goma sha biyu mun san ba da rani ake raya filin ba. A hunturu ake raya shi, lokacin da ba ka ganin kowa a kansa sai hankaki da wani dogon mutum mai jar hula, yana tafe yana jan ƙafa ɗaya. Reino Salmela ke nan, kuma shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan zagaye.

A ramin haƙar tama ya fara neman abinci, kamar ubansa da kakansa. A can wani dutse ya bi ta kan idon sawunsa ya bar masa ɗingishin nan. Da kamfani ya rufe ramin ya sallami jama'a a mako guda, sa'o'insa duk suka tattara suka yi kudu. Shi bai tafi ba. Ga tsohuwarsa a gona, ga kuma Marlys da bai fi shekara da aura ba, wadda ta ce ko da igiya ba mai jan ta birni. Sai ya je wurin tsoho Wuollet, mai kula da filin golf a lokacin, ya ce a ba shi ko shebur ne ya riƙe.

Filin ba na wani attajiri ba ne. Mahaƙa ne suka yi shi da hannunsu a kan tarkacen duwatsun da suka tono, suka yi ta jidar ƙasa a akori-kura ranakun Lahadi bayan coci, har ya zama fili mai ramin ƙwallo tara. Kowane rami da girin ɗinsa, wato da'irar lallausar ciyawar nan da ke kewaye da ramin, wadda ake askewa kowace safiya. In girin ya mutu, sauran filin sai dai a sako shanu su yi kiwo.

Ciyawar girin ba ta tsoron dusar ƙanƙara, bargo ce a wurinta. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan sama ya sauko a Disamba, sanyi ya biyo bayansa kafin ya tsane, ya daskare a kanta kamar gilashi. Tana barci a ƙasa amma tana numfashi, iskar da aka rufe ta da ita kuwa ƙarewa take yi. Bayan kwana arba'in, ko sittin, ko tamanin, ba mai tabbas, sai ta fara shaƙewa ta ruɓe. Za ka ce to a farfasa ƙanƙarar mana tun da wuri. Ai haka Wuollet ya yi wata shekara. Ya tara mutane da diga, suka yayyaga ciyawar, abin da ya saura kuma iskar Janairu ta ƙone shi a yini ɗaya. Girin uku suka tashi da sanƙo, ciki har da na bakwai, kuma tsohon bai ƙara ɗaga kai a garin nan ba.

Aikin duka a san ranar da ya kamata ne, Reino kuwa da hanci yake saninta. Tun yana ƙarami uwarsa ke tura shi ɗakin ajiyar dankali na ƙarƙashin ƙasa ya nemo mata wanda ya fara lalacewa, ya kuwa zaro shi daga cikin buhu ashirin tun fatarsa ba ta nuna ba. A hunturunsa na uku a filin ya ɗauki ƙarfen huda ƙanƙara irin na masuntan da ke kamun kifi a daskararren tafki, ya huda na bakwai, wanda shi ya sake shuka shi da hannunsa, ya durƙusa ya cusa fuska a hudar. Ya tashi ya ce wa Wuollet saura kwana goma ciyawar ta shaƙe. Aka yi masa dariya, aka bar shi ya farfasa wannan ɗin shi kaɗai don ya ji kunya. Da ƙanƙara ta narke, na bakwai ne kawai ya fito kore shar. Abin da yake ji, in ji shi, wani ɗan zaƙi-zaƙi ne mai tsami a ƙarshensa, kamar tuffar da ta kwana biyu a aljihu. Mu sauran mutane ba ma jin komai sai abin ya zama ɗoyi, lokacin kuwa an riga an makara.

Daga nan muka samu Ranar Hanci. Duk shekarar da ƙanƙara ta rufe girin, ranar kwana na arba'in tsofaffin ƙungiyar golf ɗin za su fito da filas ɗin kofi da burodin Marlys mai kirfa, su jeru a gefe. Ba mai taka girin sai Reino. Zai huda, ya durƙusa, ya kare fuskarsa da jar hular, ya daɗe. In ya tashi ya ce, "Barci take," sai a tafa a koma gida. In ya ce, "A kawo diga," kafin tsakar rana rabin gari na kan fili. Sau shida kacal ya ce a kawo diga, kuma bai taɓa kuskure ba.

Sai dai fa mutumin akwai rowar sani, wannan ba za a ɓoye ba. Loretta Pavlich, makanikar da ke gyara injunan filin, shekara goma sha biyar tana roƙonsa ya bar ta ta durƙusa kusa da shi ta koya.

"Ke da hancinki ya sha dizal ya ƙoshi?" yakan ce mata. "Je ki shinshina injinki."

"Oga, ranar da ka mutu sai mu yanke hancin mu sa a kwalba."

"Ki dai rufe da kyau, kada Gordy ya kai shi kanti."

Gordy Skoglund shi ne shugaban ƙungiya, mai kantin kayan gini, mutum mai son na'ura kamar me. Kowace shekara sai ya zo da hoton wata na'urar da ake binnewa ƙarƙashin ƙanƙara ta auna iska, kowace shekara kuma tsofaffi su ce me za mu yi da ita ga Reino a raye.

To, a Nuwamban shekarar da muke magana, mura ta kwantar da Reino mako biyu. Ranar da ya tashi, Marlys ta tura masa kofi, ya kai baki ya ji ruwan zafi kawai. Ya fita ɗakin injuna ya buɗe jarkar fetur ya sa hanci. Shiru. Albasa, man zafin da yake shafawa a gwiwa, tsohon takalminsa na aiki, duk ɗaya. Ya ce toshewa ce, za ta wuce. Ran tara ga Disamba aka wuni ana ruwan sama, washegari ma'aunin sanyi ya faɗi ƙasa da sifiri da ashirin. Girin tara duka suka rufe ruf, ƙanƙara kaurin yatsa uku.

Marlys ce ta fara ganewa. Wata Asabar ta shigo daga ɗakin wankan tururi ta tarar da shi a kicin yana karanta jarida, mariƙin tukunya na narkewa a kan wuta a bayansa, gida ya cika da ƙauri.

"Reino! Kashe mu za ka yi?"

"Gyangyaɗi ne ya ɗauke ni."

"Da ido biyu?" Ta kashe wutar, ta buɗe taga, ta tsaya tana kallonsa. Shekara talatin da biyar tare, ba ta bukatar likita ya gaya mata. "Tun yaushe?"

"Tun murar nan."

"Ka gaya musu."

"Zai dawo."

"In bai dawo ba fa? Ko Loretta ce ka gaya wa, ta durƙusa maka."

"Ta ji me? Ba ta san abin da za ta nema ba."

"Laifin wa ke nan, tsohon nan?"

Ya ninke jaridar ya fice. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Ba tsoron kora ba, don ba mai korarsa. Ya dai san in aka cire hancin, abin da ya rage gurgun tsoho ne mai tura injin aski, irin wanda ake gaisarwa a manta da shi kafin a kai mota. Ya ga yadda garin ya yi da Wuollet. Ya kuma yi wa kansa lissafi mai daɗi: shekarun ƙanƙara da ya gani sun fi ashirin, shida kawai suka bukaci diga. Ya ce ko a makance ya faɗa, da wuya ya faɗi ba daidai ba.

Ranar Hanci ta faɗo ran sha tara ga Janairu. Rana ta fito tas, sanyi na cizon haƙori. Mutum goma sha huɗu suka zo.

"Hancin gari!" in ji Gordy. "An dai wanke shi ko?"

"Na fi ka wanka, Gordy, tambayi matarka."

Aka yi dariya. Reino ya kwashe dusar ƙanƙara da shebur a tsakiyar na bakwai, ya huda, ya durƙusa, ya kare fuska da hula. Ya ja numfashi har sanyi ya soke shi a goshi. Ya sake ja. Ya roƙi Allah a zuciyarsa, abin da rabonsa da yi tun jana'izar uwarsa. Ba komai, kamar ya sa hanci a wankakken kofi. Yana jin su a baya suna buga ƙafa don sanyi, ana tsiyaya kofi. Ya hango ciyawar a ƙasan hudar, koriya ce. Amma ya fi kowa sanin cewa sanyi ke riƙe mata launi, koriya take zama ko ta mutu.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Barci take."

Aka tafa. Marlys na tsaye riƙe da farantin burodi, ita ba ta tafa ba.

Kada a ce ya koma ya miƙe ƙafa. Kullum safiya sai ya zagaya tara ɗin, ya huda, ya durƙusa, ko Allah zai sa. Ya watsa baƙin yashi a kan na bakwai don rana ta kama shi ta narkar da ƙanƙarar a hankali, sai dusa ta sauko ta binne yashin. Ya rame, abinci ya zame masa kamar tauna kwali. Sau biyu ya isa ƙofar ɗakin injuna da niyyar gaya wa Loretta. Sau biyun yana tarar da ita kwance ƙarƙashin tarakta tana 'yar waƙarta, sai ya tambaye ta ina ta ajiye sifana.

Ranar kwana na saba'in da biyu idon sawun ya kumbura, ya kasa ɗaukar ƙarfen hudawa. Loretta ta saɓa masa shi a kafaɗa.

"Mu je, Oga. Ba zan saci sirrinka ba, zan tsaya nesa kamar baƙuwa."

A na bakwai ita ta huda masa, ta ja da baya taku uku kamar yadda aka saba. Reino ya durƙusa ya rufe fuska da hula. Bai ga abin da ya faru a bayansa ba. Wani ɗoyi ne ya taso daga hudar, na ruɓaɓɓen ƙwai gauraye da tsamin jiƙaƙƙiyar harawa, ya doki Loretta har ta toshe hanci da safar hannu ta juya kai. Shi kuwa fuskarsa na cikin abin tsundum. Ya daɗe kamar kullum, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Barci take," ya ce, sannan ya waiwaya.

Loretta ta sauke hannunta a hankali. Idonta na ruwa, kuma ba ruwan sanyi ba ne.

"Oga, me ka ce?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi hudar.

"Yana da ƙarfi?" ya tambaya da ƙyar.

"Daga nan nake jin sa. Kamar an buɗe masai." Ta matso. "Tun yaushe, Reino?"

Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar.

"Nuwamba."

"Nuwamba! Haba! Kullum muna zaune a benci ɗaya muna cin abincin rana, ka kasa buɗe baki? Shekara goma sha biyar ina roƙonka ka nuna mini. Da ko ban iya ba, ai da na ji wani abu tun makon jiya, tun wancan makon!"

Ya sa hularsa.

"Kira Gordy. A kawo diga."

Kwana huɗu aka yi ana fasawa, mutum kusan arba'in, malaman makaranta, tsofaffin mahaƙa, har fasto. Duk inda diga ta shiga sai wani ruwa mai launin shayi ya ɓulɓulo. Kowa ya ɗaure hanci da gyale, wasu na komawa gefe su yi amai. Reino kaɗai ke aiki fuska a buɗe, har mutane na cewa kai, dubi bawan Allah, ya saba da abin. Loretta na ji, ta ci gaba da sara. Ya yi ta sara har tafin hannunsa ya tsattsage, amma ya san wahalar banza ake yi.

A tsakiyar Afrilu dusa ta gama narkewa. Girin bakwai cikin tara suka fito launin kara, suna santsi, in ka sa yatsa sai ciyawar ta ɗago kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na biyu da na biyar ne suka tsira, su ma don suna kan tudu ne ruwa bai kwanta musu sosai ba. Sabuwar shuka kuwa a ƙasarmu ba ta ɗaukar ƙafar mutum sai ƙarshen Agusta, in an yi sa'a. Rani guda ya tafi ke nan, kuma a cikin 'yan ƙungiya akwai waɗanda ba su da tabbacin ganin wani.

Aka kira taro ranar Lahadi da rana a zauren ƙungiya. Gordy, don a faɗi gaskiya, ya yi halin kirki. Ya ce ƙanƙarar bana ba a taɓa ganin irinta ba, ko filayen maƙwabta sun taɓu, abu ne da ya fi ƙarfin kowa. Ya juya wurin Loretta.

"Ko ba haka ba, Loretta? Ke kina wurin."

"Ƙanƙarar ce," ta ce, idonta a kan tebur.

Wani tsoho mai shekara tamanin da huɗu, wanda shi da ubansa suka jidi ƙasar na bakwai, ya buga sandarsa a ƙasa. "Baɗi ma Ranar Hanci na nan! Kada wanda ya kawo mana zancen na'ura. Sau ɗaya a shekara talatin da huɗu, wa zai yi abin da ya yi?"

Aka tafa masa. An buɗe wa Reino ƙofa, shigewa kawai zai yi. Loretta ba za ta tona ba, Marlys ba za ta tona ba. Sai dai baɗi zai sake durƙusawa a gabansu, ya sake cusa fuska a huda, ya sake faɗin abin da bai sani ba. Marlys na zaune kusa da shi, hannunta a cinya, ba ta ko dube shi ba. Ya dafa kujerar gabansa ya miƙe.

"Ran sha tara ga Janairu ban ji komai ba," ya ce. "Tun Nuwamba ba na jin warin komai, ko fetur. Na durƙusa ne na tashi na faɗi abin da kuke son ji. Da na gaya muku, da kun fasa a ƙarshen Janairu kun tsira da biyar ko shida. Ba ƙanƙara ba ce. Ni ne."

Ba wanda ya zage shi. A garinmu ba a zagi, kuma wallahi da zagin aka yi da ya fi sauƙi. Tsohon nan mai sanda ya lalubi hularsa, ya tashi a hankali ya fita, ana jin sandar na ƙwanƙwasa dakali har waje. Gordy ya gyara murya ya ce a wuce batu na gaba, wato sayen iri.

Ba a kore shi ba. An amince a sayi na'urar Gordy, aka ba Loretta riƙon filin, shi kuma ya roƙa a bar shi ya yi shukar. Ya yi ƙoƙarin ba ta abin da ya hana ta shekara goma sha biyar. Ya zaunar da ita a benci yana kwatanta mata zaƙin nan mai tsami, tuffar da ta kwana biyu a aljihu.

"Wace irin tuffa?" ta tambaya. "Ja ko koriya? Kafin tsamin ya fito ko bayan?"

Abu ne da sai mutum biyu sun durƙusa a huda ɗaya, ɗaya ya ce ga shi nan, kin ji? Yanzu babu mai cewa ga shi nan. Har shi kansa ya fara mantawa da yadda abin yake.

A tsakiyar Mayu Loretta ta fito da injin aski ta hau na biyu, askin farko na shekara. Tsofaffi shida suka jingina da shinge suna kallo, don ba inda za su buga. Reino ya biyo ta bayansu yana tura baro cike da iri da yashi. Suka gaishe shi da kai, a taƙaice. Sai iska ta juyo daga tudun. Su shidan suka ɗaga kai lokaci guda, hancinsu ya buɗe, fuskokinsu suka saki.

"Kai!" in ji ɗaya. "Rani ya zo."

Reino ya ajiye baron. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta nan ya san ƙamshin sabon aski ya iso. Ya juya wajen tudun ya ja numfashi sau ɗaya, mai tsawo. Iska ce kawai, mai ɗan sanyi. Ya kama hannun baron, ya gangara na bakwai yana jan ƙafa.